Rumbun bayanan itatuwa da dabbobi: wane tsari ne ya riƙe ku?

Ɗan Yalwa: Salamu alaikum. An ɗora mini aikin tsara rumbun bayanai na itatuwan da ɗalibai suka tattaro a kewayen Yankari. Niyyata kowane mataki ya samu teburinsa: na dangi, na jinsi, na nau'i. Waɗanda suka riga mu shiga wannan aiki, ya kuka ƙare?

Malamar Tsirrai, Gombe: Wa alaikumus salam. Kafin maganar tebur, ƙanena, kada ka yarda sunan kimiyya ya zama mabuɗin komai, wato abin da sauran bayanai ke jingina da shi. Na gaji wani rumbu da aka gina haka. Bagaruwa tana ciki da sunan Acacia nilotica, alhali tun bayan taron masana tsirrai na Melbourne a 2011 an tabbatar da sunan Acacia ga na Ostireliya, tamu ta koma Vachellia nilotica. Dakwara ta zama Senegalia senegal, gawo kuma dama ya daɗe da zama Faidherbia albida. Muna taɓa sunan, sai samfuran ganye da ke jingine da shi suka zama marayu. Yanzu kowane suna da lambarsa, da wani gurbi da ke nuna lambar sunan da aka amince da shi. Tsohon suna ba a goge shi, domin takardun da ke manne a jikin tsofaffin samfura da shi aka rubuta su, kuma da shi ɗalibi zai zo nema.

Mai Kwamfuta, Wunti: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni kuma tebur-tebur ɗin ne ban yarda da shi ba. Ranar da aka kawo maka ƙaramin dangi ko ƙaramin nau'i, sabon tebur za ka gina? Tebur ɗaya nake yi: lamba, suna, mataki, lambar uwa, wato lambar rukunin da ke samansa. Kuka da can tana Bombacaceae, aka mayar da ita Malvaceae. A wajena lambar uwa kawai na canja. Manhajojin rumbun bayanai irin su PostgreSQL da SQLite duk suna da umarnin WITH RECURSIVE na bin silsila har sama, MySQL ma ta samu tun fitowa ta 8.0.

Ɗan Yalwa: Malam, ba zai yi nauyi ba?

Mai Kwamfuta, Wunti: Itatuwan Yankari ne za su yi masa nauyi? Haba dai.

Baban Kashere: Ga wani rami. Mun taɓa kafa doka cewa sunan jinsi ba zai maimaitu ba. Sai ga bayanai daga GBIF, taskar bayanan halittu ta duniya, sun ƙi shiga. Ashe Ficus, jinsin ɓaure da cediya da gamji, sunan wasu dodon koɗi na teku ne kuma. Dokar sunayen dabbobi daban, ta tsirrai daban, babu mai hana wani. Ka haɗa suna da daular da yake ciki, da wanda ya raɗa shi, da shekara. Idan kuma akwai ranar da za ka aika bayananka waje, leƙa Darwin Core, ƙa'idar musayar bayanan halittu, tun yanzu, ka ga yadda suka jera guraben.

Malamar Tsirrai, Gombe: Sunayen gida ma teburinsu daban, da gurbin harshe da na garin da aka ji sunan. Kuka a bakin Fulanin nan ɓokki ce. Wani lokaci kuma suna ɗaya yakan hau itace biyu, mutanen Dukku su nuna maka wannan, na Alƙaleri su nuna wancan. Rubuta duka biyun, ba aikin rumbu ba ne raba gardama.

Baban Kashere: Kuma a saka UTF-8, tsarin haruffan kwamfuta da ke ɗaukar haruffa masu lanƙwasa, tun farko. Na ga rumbun da kaɗanya da ɗorawa suka fito da alamar tambaya a madadin ɗ. Mu har gurbi muka ƙara na suna marar lanƙwasa, saboda a waya yawancin ɗalibai kadanya suke bugawa.

Ɗan Yalwa: Na gode ƙwarai. Hajiya, idan littattafai biyu suka saɓa a kan wane suna ne karɓaɓɓe fa?

Malamar Tsirrai, Gombe: Ƙara gurbin madogara, kowane hukunci da littafin da ya yanke shi. Mu na Kew, cibiyar binciken tsirrai ta Landan, muke bi, amma ɗayan ma yana nan a ajiye.