Jirgin da ke sauka kan ruwa zai yi mana aiki a Madarunfa da damina?

Ɗan Gulbi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. A daminar 2024, lokacin da ruwa ya yi ta ɓarna a jihar Maradi, matar ƙanena ta fara naƙuda a ƙauyenmu da ke bayan Madarunfa. Ruwa ya sauko da la'asar, ƙoramar da ke tsakaninmu da kwalta ta kawo har wuya. Da dare kuma babu mai kabu-kabun da ya yarda ya fito, saboda ƴan bindiga. Sai da gari ya waye muka ɗora ta a amalanken shanu. Ita Allah ya tashi kafaɗunta, yaron kam bai zo da rai ba.

Tun ranar abin yake cina a rai. Kwanan baya na ga bidiyon ƙananan jiragen sama na tsibiran Maldibs, masu ƙafafu kamar kwale-kwale biyu, suna sauka kan ruwa su tashi. Na ce to ga tabkin Madarunfa Allah ya ba mu, da damina kuma cike yake. Me zai hana irin wannan jirgi ya ɗauko marar lafiya daga tabkin ya kawo shi filin jirgin Maradi? In hadari ya taso, ba sai matuƙi ya kewaye shi ba? Masu sani ku taimaka mini.

Tsohon Ma'aikacin Yanayi:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙuri.

Jirgin akwai shi. Akwai Cessna Caravan da ake sa wa ƙafafun ruwa masu taya a ciki, ya tashi daga tabki ya sauka kan kwalta. Inda gizo ke saƙar shi ne hadarin namu. Na yi shekaru ina auna iska da ruwa, kuma abin da kake gani ya haɗo daga gabas da la'asar sau da yawa ba gajimare ɗaya ba ne. Jeri ne, kamar katanga, tsawonsa daga arewa zuwa kudu kan kai ɗaruruwan kilomita, yana tafiya yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa. Bisansa kan wuce kilomita 12, ƙaramin jirgi ba ya hawa can. Ta ina za a kewaye?

Ka san jar ƙurar nan da ke riga ruwa isowa, wadda ke kwashe rufin kwano? Iska ce mai sanyi da ta faɗo daga cikin hadarin ta bazu a ƙasa. Jirgin da ke sauka ya gamu da ita, danna shi ƙasa take yi. Shi ya sa ake koya wa matuƙa su bar kilomita 37 tsakaninsu da babban hadari. Maradi zuwa Madarunfa bai kai haka ba. Ka ga in hadari na kan ɗaya, ɗayan ma ya haramta.

Manyan jirage ma ba su tsira ba. Ranar 24 ga Yuli 2014 jirgin Air Algérie ya tashi daga Wagadugu, ya karkata don kauce wa hadari, ƙanƙara ta toshe na'urar auna ƙarfin injinsa, ya faɗi kusa da Gosi a Mali. Mutum 116, babu wanda ya fita. Da damina matuƙin ƙaramin jirgi da safe yake aikinsa, kafin rana ta dafa ƙasa.

Jikan Sarkin Ruwa:
Baba ya gama magana kan sama, bari in faɗi na ruwa. Tabkin nan da iska ta kaɗa ko mu da kwale-kwale gaɓa muke nema. Ga taru ko'ina, ga ciyawa, ga kututture da ruwa ke rufewa in ya cika. Sai an ware masa hanya doguwa an hana kowa kafa taru a ciki, kuma wannan abincin mutane ne.

Ƴar Tibiri:
Yaya, ka manta zamanin da muke ciki. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, rufe sararin samaniyar ƙasar nan aka yi baki ɗaya har farkon Satumba. Jirgi ya riƙa shawagi ƙasa-ƙasa dab da iyakar Najeriya, sai da izinin hukumar jiragen sama da na soja, kuma ba a waya ɗaya ake samunsa ba. In ya sauka da dare, wa zai tsare shi?

Ni ungozoma ce. Abin da na ga yana ceton rai shi ne mai cikin da ke nesa ta taso ta zauna kusa da asibiti da watanta ya kama, tun ƙorama ba ta kawo ba. Wuyar ita ce wurin kwana da abinci, da maigida ya yarda.

Ɗan Gulbi:
Na gode Baba, na gode ƴan uwa. Ban ji daɗin amsar ba, amma na gamsu. A daidai lokacin da muka buƙaci jirgin, shi ma da yana ɗaure a ƙasa.

Malama, ina da ɗaki biyu a gidana nan Maradi, ɗaya babu kowa ciki. Matar ƙanen nawa tana da wani cikin, haihuwar za ta faɗo cikin Agusta. Sati nawa kafin lokacin ya kamata in je in ɗauko ta? Ina so in yi wa tsohuwarmu magana ran Juma'a, don in ba ta sa baki ba ƙanena ba zai bari ba.