Takunkumi a ƙarƙashin haɓa: rashin kaya ne ko sabo?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, an tura mu asibiti sanin makamar aiki. A aji an nanata mana safar hannu, takunkumi, rigar kariya da wanke hannu har mun haddace. Makon jiya aka kawo wani yaro wuya a kumbure, ana zargin mashaƙo. Sistar da nake bi ta leƙa maƙogwaronsa, takunkuminta na ƙarƙashin haɓa. Da na ja nawa sama, wata ta yi dariya ta ce da gani sabuwa ce. Don Allah me ke hana ma'aikatan jinya sa kayan nan ko ana tsakiyar annoba?

Matron Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Rashin kaya gaskiya ne. Na sha kama aikin dare safar hannu na kulle a kabad, makulli ya tafi gida da mai aikin safe, sai dai a tura ɗan'uwan majinyaci kemis. Amma a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Da zarar an ce cutar zazzaɓin Lassa ce, kowa zai rufe jikinsa ruf. Kafin a faɗi sunan cutar ake kamuwa, domin farkonta zazzaɓi ne da ciwon kai da kasala, sak maleriya ko taifod. A 1969 da aka fara gano ta, ma'aikaciyar jinya ce ta kwanta a garin Lassa na Borno, aka kai ta Jos ta rasu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. A Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano bayan an yi wa wata mai juna biyu tiyata, ba a san tana ɗauke da cutar ba. Ɗakin haihuwa da na agajin gaggawa sun fi ba ni tsoro a kan ɗakin killacewa. Duk jini, duk amai, ki ɗauka akwai wani abu a ciki, musamman daga Disamba zuwa Maris, lokacin da Lassa ta fi yaɗuwa.

Malam Nas:
Hajiya ta yi magana. Ni zafi zan ƙara. Lokacin korona na yi aiki a cibiyar killacewa, ga watan Afrilu, ga azumi, ga wuta ta ɗauke. Rigar nan ba ta shan iska ko kaɗan, gumi har cikin takalmin roba yake taruwa, tabarau ya yi hazo kana laluben jijiya da safar hannu biyu. Wanda bai taɓa shiga ba shi ke cewa ganganci. Kuma ƙanwata, wajen cirewa aka fi kwasar cuta: ka gaji, ka matsu ka fita, hannu ya kai fuska ba ka sani ba. Shi ya sa ba mu yarda mutum ya cire shi kaɗai ba, sai wani ya tsaya yana faɗa masa abin da zai fara tuɓewa.

Ungozoma Talatu:
Akwai kunya ma. Wata dattijuwa ta taɓa kallona ina sa safar hannu ta ce, "Ƙyamata kike yi, yarinya?" Yanzu tun kafin in ɗauko nake cewa, "Iya, na taɓa wasu marasa lafiya, kada in shafa miki." Nan take take sakin fuska.

Ɗalibar Jinya:
Na gode ƙwarai. To Anti, idan babba ce ba ta sa ba, ya zan yi? Ina jin nauyin yi mata magana.

Ungozoma Talatu:
Kada ki yi mata gyara a gaban majinyaci, za ki ja wa kanki. Ki riƙa ɗauko biyu, ki miƙa mata ɗaya ki ce, "Sista ga naki." Da wuya ta mayar miki. In kabad a kulle yake, ki sa a rubuta a littafin miƙa aiki, da kwanan wata da lokaci.