Musayar Waƙa: Gidan Jakara, a Gyara ko a Sayar?

Ɗan Jakara:
Salamu alaikum 'yan zaure. An raba mana gado, gidan mahaifinmu ya faɗo hannuna, na rasa ta cewa. Amsa-amo "ra" ne, mai shigowa ya riƙe shi.

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Ina gai da zaure, ina son shawara.

Gidan da na gada a lungunmu yake,
Kusa da Kurmi, a bakin Jakara.

Azara ta tsufa, katanga ta tsage,
Abin da na tara ba zai kai ga gyara.

Abokai suna ce da ni sai da shi,
Ka je bayan gari ka huta da shara.

Ni ko zuciyata tana nan a zaure,
Wurin da muka ɗau allo muna yara.

Ku ce min, masana, in zauna in gina,
Ko ko in bi sahun waɗanda suka ƙaura?

'Yar Rijiyar Zaki:
Yaya, ka tambaya, ga amsa a fili,
Sayar da shi, kar ka tsaya yin dabara.

Ni ma a Makwarari aka yanke min cibi,
Na san warin kwata idan zafi ya fara.

Lungun da ko adaidaita ba ta shiga,
Da me za a kai ruwa ran gobara?

Mai naƙuda sai a tallabo ta a hankali
Har bakin titi, a tsaya ana jira.

Famfo ya bushe, abin da ka samo
Ya ƙare wajen 'yan garuwa masu kura.

Dare in ya yi 'yan daba su fito,
Wuƙa da gariyo, sana'arsu sara.

Gwaggon Yakasai:
Ke 'yar nan, cibiyarki na binne a Makwarari kike wannan magana? Baitin naƙuda dai gaskiya ne, na gani da idona. Amma na ƙarshen bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Ɗan Koki:
Ƙanwata, mun ji kin ƙaura kin bar mu,
To me ke kawo ki duk Juma'a ziyara?

Kin ɗaga katanga kin sa waya mai ƙaya,
Maƙwabcinki ko sunansa ba ki sani ba tun bara.

Ran sunan ɗanki su wa suka girka tuwo?
Matan lungu ne suka zo suka jera.

'Yan daba nawa ne? Ki ƙirga su sosai,
Sannan ki ƙirga mahaddata cikin yara.

Tsiraru suka ɓata, aka shafa wa dubbai,
Ke 'yar gida ce, bai kamata ki ƙara.

Kwarin da kike faɗi an rufe shi da kankare,
Titin Wuju-Wuju ne a kan Jakara.

Gwaggon Yakasai:
Allah ya yi maka albarka ɗan nan! Baitin tuwon suna kaɗai ya isa. A lungu ba a kwana da yunwa maƙwabci yana da tukunya a wuta.

Bazazzagi:
Ku ba ni wuri in tsoma baki, Kanawa,
Ku da ba ku san komai ba sai kasuwa.

Kuna yabon birni da baki kullum,
Da hannunku kuwa kun cinye ganuwa.

Kun kwashi ƙasarta kun buga tubali,
Gurbinta shaguna ne, ba kunyar kowa.

Ku zo Zariya ku ga aikin Babban Gwani,
Masallacin ƙasa yana nan da rayuwa.

Ɗan Koki:
Bazazzagi, taka ganuwar fa, tana ina?
Iska da ruwa sun bar muku ɗan saura.

In za ka aurar da 'ya ina kake dosa?
Kwari da Kurmi, ka saya ka ƙara.

Malam na Madabo:
Na makara, sai yanzu na tashi daga karatun magariba.

Ku saurara yara, in ba ku asali,
Kafin gardama ta kai ku ga hasara.

Gijimasu ne ya aza harsashin badala,
Sarakan bayansa kowa ya ƙara.

Wangarawa sun iso a zamanin Yaji,
Har yau a Madabo karatu ake, ba almara.

Rumfa ya kafa Kurmi, fatake suka sauka
Da raƙuma daga can ƙetaren Sahara.

Nufawa da Tudunsu, Yarbawa Ayagi,
Larabawa Dandali, kowa ya sami sutura.

Kududdufin da kakanni suka haƙa don gini,
Shi ke shanye ruwan sama in ya fara.

Mun cike su da bola mun gina a kansu,
Yau ruwa na bin ɗaki, wa za mu kai ƙara?

Sai kuma gyara biyu. Bazazzagi, mai gida ya ce "ra", ka shigo mana da "wa". Wanda aka gayyata walima ba ya sauya wa mai gida tukunya. Kai kuma Ɗan Koki, ɗangon farko na mai gida, wato layinsa na farko, a kan karin Mutaƙarib yake tsaf, ƙafar fa'ulun sau huɗu, gaɓa 12. Naka na maƙwabci gaɓa 16 ne. Ma'anar ta yi kyau, amma baitin gurgu ne.

Ɗan Koki:
Allah gafarta Malam, ina girmama ka,
Amma ni ba da ma'auni nake yin fira? A'a, bari in faɗa a zube: na rera ɗangon nan da bakina, ya hau kari lafiya lau. Kunne ne alƙalin waƙa, ba yatsu ba.

Malama Mai Alli:
Ina bayan Ɗan Koki. Halilu ɗan Ahmad, wanda ya kafa ilimin arulu na awon waƙar Larabci, bahari (karin waƙa) 15 ya tsara, Ahfash ya zo ya ƙara Mutadarik ya zama 16. Ke nan su kansu masu arulu ba su kulle ƙofa ba. Makaɗanmu na baka kuwa kalangu da kotso ke riƙe musu kari, ba wanda ya zauna ƙirga gaɓa. Kuma Malam, naka na Wangarawa ma ai bai zauna a fa'ulun ba.

Malam na Madabo:
Malama, rubutacciyar waƙa muke yi a nan, babu makaɗi a bayanmu. Zihafi, wato ɗan sassaucin gaɓa a cikin ma'auni, daban, karyewar kari daban. Nawa zihafi ne da malamai suka yarda da shi.

Bazazzagi:
Malam ya ce na sauya amo, na ji,
To ga "ra" ɗin nan, Kanawa, sai ku tara.

Kun bar mai gida tsaye da tsagaggen bango,
Kuna ta awon ƙafa, ba mai yin gyara.

Gwaggon Yakasai:
Malam ya fi ku gaskiya duk, kuma baitin kududdufi ya fi kowane baiti a zauren nan. Wanda bai yarda ba ya zo Yakasai cikin Agusta.

Malama Mai Alli:
Gwaggo, ɗazu fa kika ce na tuwon suna ya isa.

Ɗan Jakara:
Jama'a don Allah, gida nake tambaya,
Kun koma Mutaƙarib kun bar Jakara.

Magini:
Mai gida, ni magini ne, ga tawa,
Kar ka rushe soro, ƙarfinsa da saura.

Ɗaga daɓen gidan ya fi lungu tudu,
Ruwan Agusta ya zo ya kasa haura.

Azarar giginya takan kai jika,
In ka tsare ta daga yoyo da gara.

Yaɓe da makuba, ka gyara indararo,
Kowace shekara kafin damina ta fara.

Masai ka nisanta shi da bakin rijiya,
Ta nan ciwon ciki ke kama yara.

Ɗakin ƙasa cikin Afrilu da sanyi,
Mai bulo da kwano fanka yake jira.

Ɗaki ɗaya ka fasa masa ƙofa ta waje,
Dukawan Kurmi su kama haya, ka tara.

Ba sai ka yi aikin a lokaci ɗaya ba. Fara da rufi da magudana, su ne ke kashe gidan ƙasa. Kuma ka duba inda gidan yake: Kurmi da ƙafa, Dala da ƙafa, Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, wadda ake rini a cikinta tun 1498, duk ba nisa. A 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Baƙon da ya zo kallon Hawan Daushe soro irin naka yake son gani, yana da bene a garinsu.

'Yar Rijiyar Zaki:
Sai yanzu na sami caji, ga saƙonni sun taru.

Ɗan Koki, ka ce min ina zuwa Juma'a,
Uwata ce a can, dole in kai ziyara.

Don ina son ta nake faɗin gaskiya,
Mai son unguwa ba ya ɓoye mata shara.

An rufe kwari, to ƙananan kwatocin lungu fa?
Leda ta toshe su, sauro ya yi tsara? Wannan bai zauna ba, bari in sake:
Leda ta toshe su, sauro na ta ƙara.

Kun kawo Rumfa, kun kawo Gijimasu,
Ba wanda ya ba ni amsar gobara.

Yaron da ya ɗau wuƙa ɗan wani ne a lungu,
An san gidansu, amma kowa ya kau da kara? Ku bar amon, ku ji maganar: an san gidansu, an san ubansa, kowa ya yi shiru don kara. Wannan shirun ne ya kore ni, ba warin kwata ba.

Ɗan Koki:
Ƙanwata, wannan kam magana ce mai nauyi,
Kara ta yi yawa har ta zama hasara.

Amma in masu hali duk sun bar lungu,
Wa zai je gun mai unguwa ya kai ƙara?

Wa zai sa yaron nan a hannun maɗinki,
Ko gun maƙeri ya koyi ƙira ya ƙera?

Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar gari,
Ki zo da cebur, mu yashe kwatar Jakara.

'Yar Rijiyar Zaki:
Zan zo, da cebur da 'ya'yana biyu. Kai kuma ka zo da masu gidajen da suka ci hanya da dakali da bene, a zauna gaban mai unguwa a ga ta inda motar kashe gobara za ta bi. Yaya Ɗan Jakara, kar ka sa wa dillali hannu kafin wannan zama, kar kuma ka sayi siminti.

Malam na Madabo:
Madalla da wannan. Ni ma zan turo almajirai manya. Ɗan Koki, "ya koyi ƙira ya ƙera" maimaici ne don cike amo, ka sake shi kafin Asabar.