Furosesa na kai digiri 100 a tsohuwar kwamfuta mai sanyaya ta ruwa, mi zan duba?

MaiMontaj_Zariya:
Assalamu alaikum jama'a, ina wuninku, ya zafi. Dan Allah ina da matsala da kwamfutar da nike aikin montaj da ita, bidiyon biki da na suna nike yi nan unguwar Zariya kuma ga aiki ya taru mutane sai kira suke. Okaziyo ce na saye ta wajen wani da ya kawo daga Kano, furosesa i7-7700K ne a ciki, RAM 16, sanyayar kuma ta ruwa ce irin rufaffar nan mai tiyo biyu da radiyata mai fanka biyu. Da can lafiya lau take amma tun da zafin nan ya shigo ko komi ban buɗe ba HWMonitor, furogiram ɗin da ke nuna zafin mashin, na nuna mini digiri 72 zuwa 75, in ko na sa ta fitar da bidiyo kafin minti biyu ta kai 100 sai gudu ya faɗo, aikin rabin awa ya koma awa biyu, wani bi ma ta mutu ɗif da kanta. Na kai wa wani mai gyara ya canza pat, man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da sanyaya, ya ce shi kenan, na dawo da ita babu abin da ya sake. Abin da ke ɗaure mini kai fankoki na ta ruri iya ƙarfinsu amma in na sa hannu bakin radiyata iskar da ke fitowa ba ta da zafi ko kaɗan. Furosesa ne ya gaji ko mi? Shagon babu kilim, fankar sama ce kawai. Na gode.

dan_Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Ƙura ce mutumina, wanga hunturu da ya wuce ai ba a magana. Ka fitar da ita waje ka hure radiyata da bulowa, ka riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su da ƙarfi. Tawa haka ta yi, na hure ta koma daidai.

TsohonMaiGyara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Hure ƙura ba laifi, a yi, amma kai da kanka ka faɗi amsar cikin tambayarka ba ka lura ba. Radiyatar da ƙura ta toshe zafi take yi sosai, ka taɓa ta ka ji ɗumi don zafin ya iso wurinta sai dai iska ba ta ratsawa. Taka ko sanyi take alhali furosesa na 100, ke nan zafin bai ma baro kan furosesa ba, ruwa ne ba ya yawo. Kuma furosesa bai gaji ba, wannan 100 ɗin ita ce iyakar da anka yi mashi, in ya kai nan yana rage gudu da kanshi don ya tsira, in abin ya ƙi sai ya kashe mashin. Aikinshi yake yi.

Wannan furosesa a 2017 ya fito, in tun lokacin anka ɗaura mashi sanyayar to lissafa da kanka, irinsu shekara biyar zuwa bakwai in sun yi sun biya kuɗinsu. Mutane na ganin tunda rufaffe ne ruwan ba ya zuwa ko'ina, yana zuwa, a hankali yake ratsa jikin robar tiyo yana ƙafewa shekara bayan shekara ba tare da ka ga ɗigo ko ɗaya ba, iska kuma ta maye gurbinshi, a ɗaki mai zafi irin namu abin ya fi sauri. Na biyu kuma farantin da ke zaune kan furosesa jan ƙarfe ne, radiyata ko galibi alminiyam ce, ƙarfe biyu daban cikin ruwa guda suna cin juna, maganin da anka zuba cikin ruwan shi ke hana su, in ya ƙare sai wata irin dauɗa fara-fara ko koriya ta fara taruwa. A cikin farantin nan akwai haƙora sirara kamar na mataji, tsakaninsu ruwa ke bi, tazarar ko kaurin takarda da kyar ta fi, dauɗa kaɗan ta ishe ta liƙe su. Na buɗe irinsu da yawa, wani in ka kwance farantin har wari yake.

Ga abin da za ka yi ba sai ka kashe ko dala ba. Kunna ta ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, ka duba gudun famfo, ɗan injin da ke tura ruwan, ko dai wajen CPU_FAN ko AIO_PUMP ya danganta da inda anka soka wayar, in ka ga 0 ko N/A famfo ya tsaya ko wuta ba ta isa gare shi, ka duba wayar, wasu suna da wata wayar SATA daban da ke ba su wuta tana iya saki. Ka duba kuma ba a sa shi kan silent ba, famfo a cike ya kamata ya yi ta gudu kullum ba kamar fanka ba. Ina faɗin haka ne don tsofaffin mashina in ƙaramin batirin nan CR2032 ya mutu duk sanda anka ɗauke wuta BIOS na komawa yadda ta zo daga kamfani, in agogon kwamfutarka na ɓata kwanan wata to ka san shi ne. Bayan nan ka bar ta ta yi minti biyar ka kama tiyo biyun kusa da furosesa, ka ɗora yatsa kan famfon kuma ka ji ko yana rawa. Ka dawo ka gaya mana.

Bagobiri227:
Ni dai Malam ban ga dalilin da za a yar da abu don ruwa ya ragu ba, a kwance a ɗauraye a zuba ruwan batir mai tsabta, wanda ba ya da asid, a maida. Na ga ana yi a YouTube, kuma sabo yanzu sai ka aika Kano ko Yamai ka jira mota.

TsohonMaiGyara:
Ana yi, ban ce ba a yi ba. Amma mafi yawansu ba su da bakin zuba ruwa, sai ka kwance farantin ka zuba ta nan kaɗan-kaɗan kana girgizawa iska na fita, ka maida robar da ta shekara takwas a matse kana fatan ta sake kamawa. Ruwan zalla kuma ba ya da maganin tsatsa, bayan 'yan watanni dauɗar ta dawo. Kuma fa kartin bidiyonshi ƙarƙashin famfon yake daidai, ɗigo ɗaya ya sauka a kai ana cikin aiki an yi asarar da ta ninka kuɗin sanyayar. In mashin ɗin wasa ne sai in ce gwada, wanda ake cin abinci da shi ban ba da shawara ba.

MaiMontaj_Zariya:
Malam na yi yadda ka ce. BIOS na nuna famfo na gudu juyi dubu biyu da wani abu a minti, yana rawa kuma in na taɓa, amma tiyo ɗaya zafi har ban iya riƙe shi kusa da furosesa, ɗayan ko sanyi ƙalau. Na kasa kunne ina jin ƙara kamar ta kumfa ƙululu-ƙululu. Agogo daidai yake. Radiyatar a gaba take a tsaye ba a sama ba, tiyo na fitowa ta samanta. dan_Mokoyo na hure ƙurar ma, ta fito da yawa wallahi amma digiri 2 kawai ya ragu.

TsohonMaiGyara:
To madalla, famfo na da rai ruwa ne ba ya wucewa. Mai lafiya tiyo biyun kusan ɗuminsu ɗaya, bambancin bai fi digiri kaɗan ba, hannu da kyar yake ganewa. Ƙarar da ka ji iska ce, kuma yadda anka ɗaura taka tiyo a sama nan ne iskar ke taruwa, da ruwa ya ragu sai famfo ya riƙa jawo ta maimakon ruwa. Ka kashe, ka kwance radiyatar ka juya ta tiyo ya koma ƙasa, ka tabbata saman radiyata ya fi famfo tsawo, sannan ka kunna mashin ka ɗan girgiza radiyatar a hankali. In ta faɗo zuwa hamsin da wani abu iska ce, ka samu ka fitar da aikin mutane na kwana biyu. In ba ta motsa ba haƙoran nan ne sunka toshe, babu juyin da zai gyara.

Ko wanne ne dai ni sanyaya ta iska zan sa maka, irin doguwar nan mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka 120, kamar Hyper 212 ko mai kama da ita. Furosesanka wat 91 ne, ta ishe shi in ba ka taɓa ƙara mashi gudu ba, ba ta da famfo ba ta da ruwan ƙafewa, fanka in ta mutu ko'ina kana samun wata. Ka ce wa mai saye maka ya duba akwai ƙarafan ɗaurin LGA1151, wato irin mazaunin furosesanka, cikin kwali, na 1150, 1155 da 1200 duk ramukansu ɗaya ne suna shiga, kuma ka auna faɗin akwatinka tukun don tsayinta ya kusa santimita 16, wani akwatin murfi ba ya rufuwa. Tsohon pat ka goge shi da alkol na farmasi mai ƙarfi ka bari ya bushe, sabon kuma ɗan ɗigo a tsakiya, ka cire ledar da ke manne ƙasan sabuwar sanyayar, mutane na mantawa da ita sosai. Noti huɗun ka ɗaure su gicciye kaɗan-kaɗan.

Kada ka sa rai da lambobin da kake gani wajen Turawa 30 da 35, su ɗakinsu 22 yake. Babu sanyayar da ke sauka ƙasa da zafin ɗaki, ta ruwa ko ta iska, in shagonka na 40 da azahar a watan Afrilu ka ga 50 ba aiki, 80 zuwa 85 ana fitar da bidiyo, lafiya ce.

Hajiya_Siber:
Kafin ta iso in kana da wanda zai ara maka ƙaramar fankar Intel ta i3 ko i5 tana hawa, ka kashe Turbo, ƙarin gudun da furosesa ke yi da kanshi, a BIOS ka riƙa fitar da bidiyo bayan isha'i. Muna da su zube a siber ɗinmu na mashinan da sunka mutu, ka turo yaro ya ɗauki ɗaya, sai dai ka zo da pat ɗinka namu ya ƙare.

MaiMontaj_Zariya:
Na juya radiyatar, ta sauko 68 kawai tiyon kuma har yanzu ɗaya zafi ɗaya sanyi, ke nan toshewa ce. Hajiya Allah ya saka da alheri yaro na nan tahowa bayan la'asar. Malam na auna akwatin daga kan allon da furosesa ke zaune a kai zuwa murfi santimita 15 da rabi na samu, akwai gajera da za ta shiga ko sai na bar murfin a buɗe?