Wa ya taɓa zuwa Argungu ta hannun masu shirya tafiya?

Ɗan Kawo:
Salam jama'a. Ni da abokaina muna son zuwa kallon bikin su (kamun kifi) a Argungu, har mun ba wani kamfanin yawon buɗe ido na nan Kaduna kafin alƙalami, suka ce akwai masauki, akwai kwalekwale, har ma za a bar mu mu jefa taru a kogin Matan Fada. To na samo lambar mai kwalekwalen na kira, bawan Allah ya ce shi bai ma san da zuwanmu ba, otal ɗin ma sun ce ba sunanmu a littafi. Kamfanin kuma kullum "ana kan magana". Mu ƙara haƙuri ko mu nemi kuɗinmu?

Bakabe:
Ɗan'uwa tun daga maganar taru ka gane ba su taɓa zama da masuntan ba. Matan Fada ba a su a cikinsa haka kawai, ajiye shi ake yi sai ranar gasa, kuma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini sannan a faɗa, homa da gora ne kayan aikin, cikin kamar awa ɗaya an gama an fito da giwan ruwa ana awo. Tun 1934 ake bikin nan, ba wani ɗan kamfani da zai sauya maka tsari daga ofis a Ahmadu Bello Way. Kwalekwale kam za ka samu, amma da bakinka za ka yi ciniki.

Maman Yara:
Mu a 2020 muka je, lokacin da aka dawo da bikin bayan ya daɗe ba a yi ba. Direba ya ce Kabanci, wato wasannin cikin ruwa, da yamma ne, mai masauki ya ce da safe, muna can muna shan shayi aka gama wasan ruwan wallahi. Kuma ɗaki a Birnin Kebbi muka samu, Argungu ta cika maƙil.

Mai Bas Mando:
Ku yi wa 'yan kamfanin adalci kaɗan. Masunci yana cikin ruwa tun asuba, waya a kashe, WhatsApp ma ba ya yi, ka yi magana da yaronsa yau gobe wani ya ɗauka ya faɗa maka wani kuɗin daban. Amma dai otal ba su da wannan uzurin, wannan kam ka bi sawu.

Ɗan Kawo:
Na gode. Gobe zan je ofishinsu in ce su kira otal ɗin a gabana. Bakabe dan Allah duba saƙonka, ina neman wanda zai karɓe mu a can.