Tab ɗin da muka saya wa Baba ya fi ƙarfin hannunsa, in canza masa ƙarami?

'Yar Jekadafari ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan kwamfutar hannu, wato tab.

Mahaifinmu shekararsa 74, tsohon malamin firamare ne a nan Gombe. Tun da ya ajiye aiki ba shi da abin yi sai karatu. Ido kuma ya fara rauni, in zai duba wani abu a waya sai ya kai ta har bakin hanci. Kafin azumin da ya wuce ni da Hammana muka haɗa kuɗi, na shiga kasuwa na ce a ba ni tab mai babbar fuska. Aka ba ni mai inci 11. Saboda jikoki ba sa barin komai ya zauna lafiya a gidan nan, na sa aka saka masa riga mai kauri ta roba, irin wadda ake saya wa yara, mai hannu a gefe. Na saka masa Alƙur'ani da littattafan da yake so, na nuna masa yadda ake juya shafi.

Satin farko sai murna da sa albarka. Daga baya na lura tab ɗin ya koma kan talabijin, ya daina ɗauka. Baba ba mutum ne mai ƙorafi ba, ballantana a kan abin da 'ya'yansa suka yi masa. Inna ce ta tsegunta mini cewa hannunsa ke ciwo. Yadda yake yi shi ne, bayan la'asar ya kishingiɗa a darduma a zaure, ya riƙe tab ɗin da hagu, yana juya shafi da dama. Kafin ya gama hizifi ɗaya wuyan hannun ya sage, sai ya ajiye yana yarfe shi. Wata rana ma gyangyaɗi ya ɗauke shi, abin ya suɓuce ya faɗo masa a karan hanci, har tabaraunsa ya karkace.

Ni da na ɗauka a shago ban ji wani nauyi ba, wallahi. To amma minti nawa na riƙe?

Yanzu ina tunanin in sayar in sayo masa mai inci 8. Tsorona kada rubutun ya ƙanƙance mu koma gidan jiya. Wanda ya taɓa amfani da duka biyun ya faɗa mini gaskiya: bambancin nauyin yana da yawa har ya kai a yi asarar canji?

Mai Gyara Tsohuwar Kasuwa ya amsa:

Wa'alaikumus salam Adda. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ku kuma Allah ya ba ku masu yi muku.

Kar ki yi saurin sayarwa. Fara cire rigar nan tukuna, ki kai tab ɗin wurin mai sikeli, ko na masu kifi ne, ki auna shi da riga, ki auna shi tsirara. Ina da tabbacin za ki riƙe baki. Rigunan yara ɗin nan suna zuwa hannuna kullum, wasu sai ka ji kamar an haɗa maka tab biyu.

Ga yadda nake kwatanta wa masu zuwa shagona. Ledar fiya wata rabin lita ce, nauyinta kusan giram 500. To yawancin tab masu inci 10 zuwa 11 nan suke zagayawa. Samsung Galaxy Tab A8 mai inci 10.5 giram 508 ne. Tab A9+ mai inci 11 giram 480. iPad na goma da ya fito a 2022 giram 477. Ke nan Baba ledar ruwa guda yake ɗagawa sama da hannu ɗaya har tsawon hizifi, ban da riga. Ki gwada da kanki yau, ki riƙe ledar ruwa a saitin fuskarki minti 15 ki ji.

Ƙananan kuma: Tab A9 mai inci 8.7 giram 332, Tab A7 Lite giram 366, iPad mini na 2021 mai inci 8.3 giram 293, sai dai shi kuɗinsa ba na wasa ba ne ko na hannu ne. Wayar da ke hannunki yanzu da wuya ta yi nisa da giram 200. Bambanci dai akwai shi, kusan giram 150 tsakanin babba da ƙarami na kamfani ɗaya.

In kin buɗe tab kamar yadda muke buɗewa, abu uku ne ke da nauyin: gilashin fuska, batir, da jikin ƙarfen. Batir shi ne ya mamaye ciki, sauran kayan ɗan guntun faifai ne a gefe. Fuska in ta girma tana shan wuta, dole a ƙara batir. Shi ya sa a ma'aunin ƙarfin batir (mAh), na A9 5,100 ne, na A9+ kuma 7,040. Mu kuma nan da wuta ke zuwa ta tafi, kowa babban batir yake tambaya, ba ya tuna cewa hannunsa ne zai ɗauke shi.

Da can ma sun fi haka. iPad na farko a 2010 giram 680 ne a kan inci 9.7 kawai. Sai 2013 da aka fito da iPad Air ya sauko 469. Har yanzu akwai wani dattijo da ke kawo mini na farkon nan, ni kaina in na ɗauka sai na ce masa Alhaji wannan ai faranti ne.

Goggon Azare ta amsa:

Mai Gyara ya kawo lissafi, kuma bai yi ƙarya ba, amma ni abin da hannuna ya koya mini ya wuce abin da ke jikin kwali.

Na yi shekaru ina aikin bi gida-gida muna ɗaukar bayanai a ƙauyukan Katagum, a tsaye, daga safe har azahar. An taɓa ba mu manya, an kuma ba mu masu inci 8. Mai inci 8 hannuna yana rungume bayansa gaba ɗaya, yatsu huɗu a gefe, babban yatsa a ɗaya gefen. Babba kuwa sai dai ki damƙi baki ɗaya ki bar sauran yana lilo a iska. Nan wahalar take. Kuma in bayansa sulɓi gare shi, ga zafin watan Afrilu hannu na zufa, sai ki riƙa matse shi da ƙarfi don kada ya faɗi ba tare da kin sani ba. Da dare ki ji gindin babban yatsa yana zogi.

Abin da ya cece ni wani ɗan maɗauri ne na roba da ake maƙalawa a bayan tab, ki zura hannu ciki. Nauyin bai ragu ba, amma kin daina damƙa. Da na rasa nawa, tela na sa ya ɗinka mini da roba irin ta ƙugun wando, kuma ya yi aiki.

Sai dai 'yata, wannan ga mai aiki a tsaye ne. Tsoho mai karatu a zaure ban ga dalilin da zai sa ya ɗaga abu sama ba tun farko.

Kawu Na Dukku ya amsa:

Goggo ta riga ni. Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Mu da muka yi makarantar allo, wa kika taɓa gani ya ɗaga allo sama yana karatu? Allon babban ɗalibi ya fi wannan abin naku nauyi nesa ba kusa ba, amma gindinsa a cinya yake ko a ƙasa, hannu tallafa shi kawai yake yi. Mu kwana muna karatu a bakin wuta ba wanda ya ce hannu.

Malam ya sani sarai. Don an ce masa kwamfuta ce shi ya sa yake riƙe ta kamar waya. Ki ce masa allo ne. In kuma akwai katakon nan da ake buɗewa a ɗora Alƙur'ani a kai, ki ɗora masa a kai ki gani.

Ma'aikaciyar Gashin Ƙashi, Bauchi, ta amsa:

Sannunku. Aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, masu irin wannan ciwon suna zuwa mana, yawancinsu ma matasa ne.

Dalilin da ya sa Goggo take jin babba ya fi wahala ko da nauyin bai bambanta sosai ba: ki ɗauki tire da kofin shayi a kai. In kin sa hannu a ƙarƙashin tsakiyarsa, ba komai. In kin riƙe shi ta baki, wuyan hannunki ne zai yi ta kokawa don kada ya rinjaya. Tire ɗaya ne, kofi ɗaya. Gwargwadon nisan tsakiyar abu daga inda kika riƙe, gwargwadon aikin da jijiyoyi za su yi. Shi ya sa riƙe tab a kwance ta gefe ɗaya ya fi riƙe shi a tsaye gajiyarwa. Sannan tsokar da aka ɗaure wuri ɗaya ba motsi ta fi saurin gajiya a kan wadda ke aiki tana hutawa.

Amma Kawu, da girmanka, ina da gyara kaɗan a maganar cinya. In aka shimfiɗa tab a cinya, hannu ya huta, wuya kuma ya karɓi aikin. Kan babban mutum kusan kilo 5 ne. Wani likitan ƙashin baya a New York, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafi a 2014 cewa in aka sunkuyar da kai sosai, kamar digiri 60, abin da ke kan wuya yana kaiwa kusan kilo 27. Allo kuma ai ba a kwantar da shi, a tsaye yake jingine, ga shi dogo, shi ya sa ba ku sunkuya can ƙasa ba. Wannan tsayuwar ita za a kwaikwaya. A ɗora filo ɗaya ko biyu a cinya, a jingina tab ɗin ya karkato yana kallon fuska, Baba ya zauna bayansa a jikin bango. Kishingiɗa da abu a saman fuska dai a bar ta.

Abu na ƙarshe 'yar'uwa, ki tambaye shi. In sagewar tana tafiya da ya ajiye, gajiya ce. In kuwa babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna yi masa kamar tafiyar kiyashi, musamman cikin dare har ya farka, ku kai shi asibiti a duba. Wannan jijiya ce ke matsuwa a wuyan hannu, kuma ta fi kama masu ciwon suga. Canza tab ba zai magance ta ba.

'Yar Jekadafari ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da ya faru.

Hamma Mai Gyara, ka ci gari. Na kai wurin mai kifin bakin layinmu, yana ta kallona kamar na zautu. Tsirara giram 490 da ɗan wani abu. Da riga ya haura 800. Ashe ni da hannuna na ƙara masa kusan nauyin ƙaramin tab guda, wai ina tsoron jikoki.

Na kuma aro mai inci 8 na ɗiyar maƙwabciyarmu na kai masa ya gwada. Ya ɗauka ya jinjina, ya ce wannan kam ba nauyi. Da ya buɗe Alƙur'ani sai ya miƙo mini. Shi da Mus'hafin Madina ya saba, mai layi 15 a kowane shafi, kuma ya san mazaunin kowace aya, wannan a saman shafin dama take, waccan a ƙasan na hagu. A ƙaramin, in shafi ya fito cikakke rubutun ya yi masa ƙanana. In an ƙara girma kuma shafin ya yanke, sai an riƙa ja sama da ƙasa, ya ce hakan rikita masa hadda yake yi. Maganar sayarwa ta mutu a nan.

Kawu, na faɗa masa saƙonka cewa allo ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce a gaishe ka. Katakon Alƙur'anin mun gwada, sai dai ya kwanta da yawa kuma tab ɗin yana zamewa. Yanzu filo biyu yake sawa kamar yadda Anti ta ce, kuma na yi magana da kafinta a Bolari zai yi masa ɗan teburi gajere mai jingina, da ɗan tudu a ƙasa da zai tare shi. Anti, na tambaye shi maganar yatsu, ya ce ba ya jin komai da dare, kuma sugansa lafiya a awon ƙarshe.

Saura matsala ɗaya. Tab yanzu tsirara yake, kuma autan Hammana ɗan shekara 3 ya riga ya gano inda ake ajiye shi.

Mai Gyara Tsohuwar Kasuwa ya sake amsawa:

Ki nemi siririyar riga mai murfi, wadda murfin ke naɗewa ya zama abin jingina, ki sa a manna gilashin kariya a fuskar. Ki ɗaga ta a hannu kafin ki biya, wasu akwai maganaɗisu da faranti a ciki, su ma ba su da sauƙi. Ta robar kuma kar ki yar, ki ajiye ta a ɗakin Inna. Ranar da jikoki suka cika gida a mayar masa da ita, in sun watse a cire.