Wanda ke riƙe da takardar gadonmu ya koma Legas: wace kotu za mu je?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifinmu ya rasu a Kano a 2022, ya bar gida a Fagge, da wani gidan haya a Agege da ke Legas, da kuɗi a banki. Da yardarmu duka, babban yayanmu ya karɓi takardar kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jihar Kano. Daga baya ya koma Legas da zama, kuma shekara biyu ke nan yana karɓar kuɗin haya bai taɓa kawo mana lissafi ba, alhali mahaifiyarmu da kuɗin ƙosai take biyan makarantar ƙannenmu biyu. Shin kotun Kano tana da hurumi a kansa?

Amsar wani lauya a zauren:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Kotun da ta ba shi takardar tana da ikon kiransa ya kawo lissafi, har ta soke takardar idan an tabbatar da ha'inci, kuma komawarsa Legas ba ta cire shi daga hannunta ba. Sai dai sammacin da za a kai wata jiha yana da ƙa'ida: sashe na 97 na dokar isar da takardun kotu ya wajabta a rubuta a jikinsa cewa a wajen jihar za a miƙa shi, sashe na 99 kuma ya ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 ya bayyana. An sha rushe shari'a saboda sakaci da wannan. Gidan Agege kuwa, takardar Kano ba ta aiki a kansa sai an sake buga mata hatimi a sashen gado na Babbar Kotun Legas, kuma rigimar mallakar fili kotun jihar da filin yake ce ke saurarenta.

Amsar wani malami:
Malama, tun da mamacin Musulmi ne, ku nemi Kotun Shari'a a Kano ta ƙididdige rabon kowa. Mai riƙe da takarda amana aka ba shi, ba ta ƙara masa ko kobo a kan rabonsa.

Amsar wata 'yar'uwa:
Mun taɓa shiga irin wannan. Ki fara neman mutanen da suka tsaya masa ranar karɓar takardar, domin su ma sun sa hannu. A namu, kawunmu ne ya tsaya wa mai takardar, yana jin za a kira shi kotu ya ɗaga waya, cikin mako guda lissafi ya iso.